Kilo Ɗaya a Wata: Abin da Ya Hana Ni Sarewa

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a cikin birnin Kano, uwa ce ga 'ya'ya biyar, kuma na ba shekara 40 baya. Labarin da nake son bayarwa shi ne na yadda nauyin jikina ya ragu cikin wani irin jinkiri da ya sha kai ni bakin fid da rai, da kuma abubuwan da suka riƙe ni a lokutan da sikeli ya kafe wuri ɗaya. Na zaɓi in tsaya a kan jinkirin ne saboda shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa wa mutum ba. Kowace mace da ta taɓa niyyar rage ƙiba ta san za a ce ta rage maiƙo, ta rage zaƙi, ta motsa jiki, amma ba kasafai ake gaya mata halin da zuciya take shiga ba idan ta shafe wata guda tana yin duk waɗannan, sannan ta hau sikeli ta tarar abin da ya sauka ko kilo ɗaya bai cika ba.

Ƙibata a jego ta samo asali. Duk haihuwar da na yi sai an yi mini abin da ake yi wa mai jego a ƙasar Hausa: wanka safe da yamma, kunun kanwa mai zafi, gasasshen nama da yaji, tuwo da miya mai man shanu, ga kuma umarnin manya cewa in ci in ƙara domin yaro ya samu nono. Ba na zargin kowa a kan wannan, domin ƙauna ce ta sa aka yi mini, kuma mai shayarwa tana buƙatar abinci. Sai dai idan an yi arba'in kowa ya kama gabansa, jikin da na tara ba ya tafiya, kafin in farga kuma wani cikin ya shiga. Haka na riƙa hawa har na haura kilo 100, alhali ni ba doguwa ba ce. Babu wanda ya taɓa kiran abin da sunan matsala. A gidan biki sai a ce, "Ma sha Allah, Malama, hutu ya karɓe ki," dangin maigidana kuma suna ganin cikar jikina shaida ce cewa ɗansu yana riƙe da iyalinsa yadda ya kamata. A garin da har yau ake samun 'yan mata masu sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe gab da aurensu domin su yi ɓul-ɓul a idon dangin ango, mace mai jiki irin nawa ba ta da dalilin tsarguwa.

Gwiwata ce ta fara kawo ƙara. Ajin da nake koyarwa a saman bene yake, sai ya zamana kafin in kai ƙofar aji numfashina ya sarƙe, dole in tsaya a baranda ina buɗe littafi har ƙirjina ya lafa, kada ɗalibai su ji ina haki. Daga baya ruku'u da sujada suka fara yi mini wuya, har na ajiye kujerar roba kusa da darduma ina salla a zaune. Na san addini ya yi rangwame ga mai lalura, amma duk lokacin da na ga surukata, wadda ta haife ni a shekaru, tana kai goshinta ƙasa ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ciwon kai da ya ƙi jin magani ne ya kai ni asibiti, inda aka tarar jinina ya hau, aka kuma ce in dawo da safe ban ci komai ba a gwada sukari. Sakamakon ya faɗo tsakanin 100 da 125, wato matakin da likitoci suke ɗauka a matsayin gargaɗi, domin daga 126 zuwa sama, idan aka maimaita gwaji aka sake samun haka, ciwon sukari ya tabbata ke nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da wannan ciwon ya yi jinyarsa ta ƙarshe, kuma na ga abin da ya yi wa idanunsa da ƙafarsa.

Likitar da ta duba ni ba ta tsorata ni ba, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce, "Hajiya, ba na neman ki koma jikinki na 'yanmatanci. Idan kika sauke kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinki, kika kuma hana shi dawowa, kin yi wa kanki babban aiki. Rabin kilo a mako ya isa, wani makon ma ba za ki samu ba." Ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayina, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da na waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wani maganin ciwon sukari, ya ragu da kashi 31. Na fito daga ofishinta ina juya lambar a kaina. Ga mai kilo 100, kilo 7 ake magana, adadin da ko tela ba lallai ya sa ya sake awo ba, amma shi ne zai iya shiga tsakanina da ciwon da ya ɗauke mahaifina.

Makonni biyun farko sun yi mini daɗi ƙwarai, domin sikeli ya yi ƙasa da sauri har na fara lissafin irin ɗinkin da zan sa da Salla. Daga nan kuma abin ya ja birki. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta warware mini dalili. Ta ce, "Yaya, yawancin abin da kika ga ya sauka da farko ruwa ne." Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa, don haka da zarar mutum ya rage tuwo da zaƙi, ajiyar ta ragu, sai ruwan ya bi fitsari. Kitse kuwa ba ya tafiya da wannan saurin, kuma daga nan gaba da shi zan yi ta fama.

A nan ne sana'ata ta yi mini rana. Na zauna da biro da takarda na buga lissafin yadda zan buga wa ɗalibai a allo. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki). Idan abin da nake ci a rana ya gaza abin da jikina yake ƙonawa da kalori 300, wanda shi ne gwargwadon abin da nake iya jurewa ba tare da na kasa tsayuwa a gaban aji ba, to sai na yi kusan kwana 26 kafin kilo ɗaya ya tafi. Da na ga wannan a rubuce sai na gane cewa kilo ɗaya a wata shi ne daidai ladan aikin da nake yi, babu wanda ya ƙware ni, kuma jikina bai lalace ba. Wannan lissafin bai sa jinkirin ya yi daɗi ba, amma ya cire mini zargin da yake cin zuciya, wato tunanin cewa kowa yana yi yana gani, ni kaɗai ce nake yi a banza. A ganina wannan zargin ya fi yunwa saurin karya mutum.

Abin da na sauya a kicin ba mai yawa ba ne, kuma da gangan na yi haka, domin tukunya ɗaya muke ci da maigida da yara, ba ni da lokaci ko kuɗin girki biyu. Na fara da mai. A da nakan karkata galan ne kai tsaye cikin tukunya har sai idona ya ce ya isa, kuma an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ranar da na tara ludayi a ƙarƙashin bakin galan ɗin na auna abin da idona yake kira kima, sai na tarar ya ninka abin da miyar take buƙata, alhali babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120. Tun daga ranar da cokali nake zuba mai, kuma babu wanda ya taɓa cewa miyar ta sauya ɗanɗano. Sai lemon kwalba, wanda nakan sha mai sanyi kullum bayan an tashi daga makaranta. Kwalba ɗaya ta rabin lita takan ɗauki sukari kusan giram 50, wato ƙananan cokula 12, kuma wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ganin babba ya sha a yini guda, har ma ta ce rabin haka ya fi. Na maye gurbinsa da zoɓo mai citta da kanumfari wanda ni nake sa masa zaƙi da hannuna. Tuwo kuwa ban bar shi ba, kuma ba ni da niyyar barinsa. Malmala biyu ce ta koma ɗaya, miyar kuka ko ta kuɓewa ko taushe ta ƙaru, kwaɗon zogale da alale da wake suka yawaita a farantina, shayin safe kuma ya rabu da madarar gwangwani mai zaƙi.

Tafiya ta fi ba ni wuya, saboda matar aure mai shekaruna ba ta fita titi a unguwarmu tana sassarfa ba tare da an yi ta tambayar ko lafiya ba. Da tsakar gida na fara, bayan sallar asuba, ina zagayawa daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure ina azkar ɗina na safe har gari ya yi haske. Da gwiwar ta ɗan saki, sai na riƙa sauka daga adaidaita sahu tun kafin a iso makaranta in ƙarasa da ƙafa, cikin hijabina, babu mai sanin motsa jiki nake yi. Rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako, shi ne ya cika minti 150 ɗin da likita ta ce.

Sikeli kansa sai da na yi masa iyaka. Mai hawansa kullum zai ga abin da zai ɗaga masa hankali, domin nauyin mutum yana iya bambanta da kilo ɗaya ko fiye tsakanin yau da gobe ba tare da kitse ya ƙaru ko ya ragu ba. Miya mai gishiri da magi da yawa tana sa jiki ya riƙe ruwa, haka ma gabatowar al'ada, haka ma rashin bayan gida. Na mayar da awo ranar Asabar kaɗai, da safe, kafin in ci komai, da kaya iri ɗaya. Ina ɗiga lambar a takarda mai ƙananan gidaje irin wadda muke zanen lissafi da ita, ban kuma yarda in yanke hukunci a kan ɗigo ɗaya ba sai na haɗa na wata guda na fitar da matsakaicinsu. Layin da ya fito bai taɓa miƙewa ba, yana hawa yana sauka, amma idan na riƙe takardar nesa da fuskata sai in ga gaba ɗayansa ƙasa yake gangarawa.

Duk da wannan tsari, akwai lokacin da ya kusa kayar da ni. Bayan na sauke abin da likita ta fara nema, sai layin ya kwanta, ya shafe kusan zangon karatu guda bai gangara ba. Ban ƙara cin komai ba, ban fasa tafiya ba, amma kowace Asabar lambar da na bari ita nake tararwa. Abin da ya fi tsanani shi ne dare. Bayan isha, idan yara sun kwanta ina gyaran takardun jarrabawa, sai yunwa ta taso mini irin wadda ban san ta ba a da, ga ragowar shinkafa a tukunya, ga burodin safe a leda, ga kuma wata murya a zuciyata tana cewa tunda ba ya raguwa, me ya rage da za a tsare? Sau da yawa na yi hawaye a wannan lokacin. Masu cewa mai haƙuri yakan dafa dutse gaskiya suka faɗa, amma da ƙarfe goma na dare, ciki yana ƙugi, karin magana ba ta isa ta riƙe hannun mutum ba.

Da na koma asibiti na faɗa wa likita, sai ta ce wannan tsayawar kusan kowa yana haɗuwa da ita, kuma tana da dalili. Jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa lokacin da yake da nauyi, saboda haka abincin da a da yake sa a rame, yanzu sai dai ya tsayar da mutum inda yake. Sannan jiki yana kare ajiyarsa ta hanyar ƙara sinadaran da suke tayar da yunwa da rage masu sa a ji an ƙoshi, kuma wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2011 ya nuna cewa wannan sauyin yana nan ko bayan shekara guda da ramewa. Jin haka ya sauke mini wani nauyi na daban, domin na daɗe ina ɗaukar yunwar dare a matsayin raunin hali. Shawararta ita ce kada in ƙara matse abinci, sai dai in sauya tsarinsa: in matsar da wake ko ƙwai ko kifi zuwa abincin dare saboda sun fi daɗewa a ciki, in ajiye gurji da yalo da karas a inda hannuna zai fara kaiwa, in kuma daina raba dare a kan takardu, domin ƙarancin barci shi ma yana buɗe ciki. Ta ƙara da cewa riƙe abin da aka sauke ba tare da ya dawo ba shi kansa ci gaba ne, ko da sikeli bai nuna sabon abu ba.

A cikin wannan tsayawar ne wata abokiyar aikina ta rame cikin 'yan makonni da wani shayi da ta saya a intanet, kowa a ɗakin malamai yana yaba ta, har ta kawo mini ƙulli ɗaya kyauta. Na kai shi gida, ya kwana a jakata, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Ƙanwata ce ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin ta ce, "Yaya, wannan filasko ne aka yi wa ado." Yawancin irin waɗannan shayi gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ya tsiyaye, sikeli ya sauka, kitse yana nan inda yake. Mafi muni kuma, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla, alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai hawan jini irina wannan wasa da rai ne. Na mayar mata da kayanta cikin mutunci. Kafin shekara ta zagayo jikinta ya dawo har da ƙari, kuma na tausaya mata matuƙa, domin ita ma gajiya da jira ce ta kai ta.

Maganar mutane ta zo mini ta fuska biyu, kuma kowacce da irin ciwonta. A watannin farko babu wanda ya lura da komai, sai ka yi ta hana kanka abin da kake so kana jiran wani ya ce ya ga alama, shiru. Da aka fara lura kuma ba yabo aka kawo ba, jaje aka kawo. "Malama, lafiya kuwa? Duk kin zube." Wasu har raɗa suke yi ko wani abu ne ya faru tsakanina da maigida. Surukata ta aiko mini da man shanu da dambun nama, sannan ta zo da kanta ta zaunar da ni ta ce, "'Yata, idan wani abu yake damun ki ki faɗa mini, ni uwa ce. Ko shi ne ba ya kyauta miki?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, wallahi babu abin da ya rage ni da shi. Likita ce ta ce sukarina ya fara hawa, ina gudun abin da ya sami Baba ne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, domin ta je duba mahaifina a jinyarsa ta ga ƙafar da idonta, sannan ta ce Allah ya ba ni iko. Tun daga ranar, idan za ta yi mini aike zogale take sa a tsinko mini daga bayan ɗakinta. Maigida ma da farko abin da mutane za su ce ne ya dame shi, amma da ya ga takardun asibiti sai ya daina shigo da lemo gidan, wasu ranakun kuma yakan ce, "Malama, ɗauko hijabinki mu taka," mu zaga unguwa bayan isha.

Idan aka tambaye ni abu ɗaya da ya fi riƙe ni, zan ce wani ƙaramin littafi ne da na ja wa layuka irin na rajistar aji. A cikinsa ba nauyi nake rubutawa ba, aikin da na yi nake yi wa maki: na yi tafiya, ban sha lemo ba, malmala ɗaya na ci, na kwanta da wuri. Dalilina shi ne sikeli ba ya ƙarƙashin ikona, ina iya yin komai daidai ya ƙi sauka, amma waɗannan huɗun a hannuna suke, kuma kowane dare ina iya ganin sakamakonsu nan take. Ranar da na samu uku cikin huɗu ba na kiranta asara. A makon da lambar Asabar ta ɓata mini rai, sai in buɗe littafin in ga shafi cike da maki, in san cewa ni dai na sauke nawa. Akwai hadisin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa mafi soyuwar ayyuka a wurin Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Tun ina Islamiyya na haddace shi a kan sha'anin ibada, amma sai a wannan tafiyar na ɗanɗana nauyinsa, domin na ƙudurta cewa kula da jikin da aka ba ni amana shi ma ina neman lada da shi.

Sannan akwai ribar da sikeli ba ya iya aunawa, wadda sai da na koyi neman ta. Tef ɗin tela ya nuna ƙuguna yana raguwa a watannin da nauyi ya tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kitsen ciki shi ya fi alaƙa da sukari da hawan jini, har likitoci suna ɗaukar ƙugun mace da ya wuce inci 35 a matsayin alamar haɗari. Zoben da ya shekara a maƙale ya fara juyawa a yatsana. Na wayi gari ina isa ƙofar aji in yi sallama da cikakkiyar murya ba tare da na tsaya a baranda ba. Likita ta gaya mini cewa kowane kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku, kuma na gaskata hakan wata magariba da na tayar da salla a tsaye, kujerar tana bayana kamar kullum. Da na ɗago daga ruku'u sai na ji gwiwar ba ta yi ƙarar da ta saba ba, na yi shahada na sauka a hankali, hannu ya riga, gwiwa ta biyo, har goshina ya taɓa darduma. Na ji sanyin siminti ta cikin dardumar da ƙanshin turaren da ya kama ta, abubuwan da na manta da su gaba ɗaya. Na daɗe a wannan sujadar ina kuka. Da zan tashi sai da na dafa gefen gado, kuma a raka'a ta uku na koma kujera, amma a makon nan ko giram ɗaya sikeli bai rage ba, ni kuwa ban taɓa jin na ci riba kamar ranar ba.

Azumi da bukukuwa su ne inda layina yake komawa sama, kuma na daina mamakin hakan. Mutane suna zaton azumi yana ramarwa, amma teburin buɗe-baki mai ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da lemo yana iya mayar da abin da aka rasa a yini har da riba. Nakan buɗe baki da dabino da ruwa, in yi salla, sannan in zuba abinci a faranti sau ɗaya, ina tuna koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Da Babbar Salla ina cin soyayyen naman layya tare da iyalina, a gidan biki ina karɓar waina da alkaki, domin ba zan mayar da kaina bare a cikin dangi saboda sikeli ba. Abin da na riƙe shi ne kada hutun ya zarce ranarsa. Washegari da asuba ina tsakar gida, littafina yana buɗe, kuma abin da ya hau yakan sauka cikin makonni kaɗan tunda yawancinsa ruwa ne da gishiri ya tara.

Yanzu na shiga shekara ta uku a kan wannan hanya, kuma idan aka raba abin da na sauke a kan watannin da na yi, bai kai ko kilo ɗaya a wata ba. A ma'aunin asibiti har yanzu ina cikin masu ƙiba, wanda bai san ni a da ba zai gan ni ya ce ga mace mai jiki. Amma gwajin sukarina na baya-bayan nan ya dawo ƙasa da 100, salloli biyar ina yin su da sujada sai ranar da sanyin hunturu ya kama gwiwar, kuma ina ci gaba da shan maganin hawan jini yadda aka rubuta mini, domin likita ce za ta ce a rage ko a daina, ba ni ba. A ganawarmu ta ƙarshe ta ƙara mini aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, saboda mai ramewa yana rasa tsoka tare da kitse idan bai kula ba, kuma tsoka tana cikin abin da yake ƙona abinci. Ta nuna mini yadda zan zauna a kujera in miƙe ba tare da dafawa ba, da yadda zan ɗaga gorar ruwa a kowane hannu, na kuma ja wa wannan sabon layi na biyar a littafina, ranakun Talata da Juma'a.